Gidajen Ma'aikata a Kan Wata

Badaru mataimakin darakta ne a wata ma'aikata a Abuja. Idan aiki ya lafa bayan Azahar, sai ya buɗe wani wasa a kwamfutarsa, inda yake mulkin duniyoyi a sararin samaniya. Akwai guda da ya fi ji da ita. Ya shimfiɗa mata tituna masu faɗi, ya kafa dogayen benaye na gilashi, ya dasa furanni a kowane shataletale. Duk da haka ma'aunin farin cikin jama'arta kullum ƙasa yake yi, har ya koma ja.

Ya gina musu filin wasa, ya ba da hutun kwana biyu. Ma'aunin ko gezau.

Ran nan sakatariyarsa Lucy ta kawo fayil, ta tsaya kallon allon.

"Oga, garin nan ya yi kyau. Amma masu aiki, ina suna kwana?"

Ya nuna mata wani ɗan ƙaramin wata a can gefen taswira. Tun farko can ya kwashe gidajen ma'aikata, don kada su ɓata masa tsarin gari. Jirage na jigilarsu safe da yamma, a jere kamar tururuwa.

"Ashe su ma 'yan Mararaba ne, kamar mu masu kwana a wajen Abuja," in ji Lucy. Ta duba agogo, ƙarfe uku. "Bari in kama hanya, oga, kafin gosulo."

Ya sa hannu a fayil, ta fita. Ya jima yana duban jan ma'aunin, sannan ya ƙara furanni.