Makullin da Ke Ƙofar Gidan Tonina

Motar 'yan yawon buɗe ido na fitowa daga cikin jirgin ruwa ta kama hawan tudun tsibirin Gozo na ƙasar Malta, direban ya leƙa madubi ya ce wa jagorar tafiyar da harshen Malta, "Wannan tsohon na bayana fa, tun da muka ɗauko shi bai ce uffan ba. Anya ba gawa muke yawo da ita ba?"

"Rufa mana asiri, Salvu," in ji jagorar, Ritienne, tana danne dariya. "Shi kaɗai ya zo. Matarsa ce ta rasu bara."

Tsohon ya ji su sarai, amma ko gezau bai yi ba. Katin da aka maƙala masa a ƙirji cewa ya yi sunansa Mick, daga Melbourne, kuma duk 'yan Ostireliyan da ke motar haka suke kiransa. Babu wanda ya san Kelinu uwarsa ta raɗa masa, balle a san a wannan tsibirin aka yanke masa cibiya. Yana saurayi ya hau jirgi, ya ce wa uwar shekara uku zai yi ya dawo. Yau shekara hamsin da 'yan kai ke nan.

Da farko aiki ne ya riƙe shi, daga baya aure da 'ya'ya. Ranar da aka bugo masa waya cewa Inna ta rasu, ya ce ba a ba shi hutu ba. Daga nan kunya ta karɓi aikin, ita kuwa ba ta ba da hutu. Ƙanwarsa Tonina, da ya bari tana 'yar ƙarama, ko tana raye bai sani ba. Shi ya sa ya biyo 'yan yawon buɗe ido. Motarsu tsayawa take kaɗan ta wuce, mutum ya ga abin da ya zo gani daga nesa, ya koma kujerarsa ba tare da an tambaye shi ɗan gidan wa ba ne.

"Mick, kai dai kuɗinka a banza," in ji Beverley, wata bazawara mai surutu da ta mai da shi abin tsokanarta. "Ko hoto ɗaya ba ka ɗauka. Gidanka babu bango ne?"

Ya yi mata murmushin dole. Idonsa na kan hanya. Duk tsohuwar da suka wuce cikin baƙaƙen kaya sai ya waiga har sai ta ɓace.

Ritienne ta ɗauki lasifika. "A da, mutanen Gozo a waje suke barin makulli, a jikin ƙofa. Idan miji ko ɗa ya tafi ci-rani, ba a so ya dawo ya tarar da gida a kulle."

"Allah sarki!" in ji matan motar.

"Su kuwa 'yan banzan suna can suna tara teɓa," in ji Salvu ƙasa-ƙasa da harshensu.

"Yanzu al'adar ta kusa mutuwa," Ritienne ta ci gaba. "Amma a ƙauyen da za mu tsaya akwai gida ɗaya da ya rage. Ku shirya wayoyinku."

Da suka sauka a dandalin coci, Kelinu ya so ya maƙale a baya. Sai ya ga ayarin ya karya kwana ta gefen gidan burodi, ya shiga lungun da ƙafarsa ta fi saninsa da kowane titi a duniya. Ya bi su kamar wanda ake ja da igiya.

Ƙofar tana nan, koriya, fentin ya ɓaɓɓare. Makullin yana jiki, har da guntun jan zaren da Inna ta ɗaura masa, ko da yake zaren ya koɗe ya zama fari.

"Kowa na iya gwadawa," in ji Ritienne. "Ba ya buɗewa, tsatsa ta cinye shi. Tsohuwar gidan ba ta taɓa yin magana ba."

Aka yi layi. Wannan ya murɗa, wancan ya girgiza, ana dariya ana ɗaukar hoto. Kowane ƙwaras-ƙwaras na ƙarfen a ƙirjin Kelinu yake sauka. Da mafarkin wannan ƙarar ya sha farkawa a Melbourne, matarsa tana tambayarsa wa yake jira.

"Saura kai, Mick!" Beverley ta tura shi gaba. "Yau ko ka ƙi ko ka so sai na ɗauke ka."

Niyyarsa ya ɗora hannu kawai a yi hoton a gama. Amma hannun bai nemi shawararsa ba. Ya jawo ƙofar zuwa jikinsa, ya danna ƙasanta da gwiwa, ya murɗa makullin ta baya, yadda ya saba yi sa'ad da yake dawowa daga kiwon tumaki. Ƙofar ta yi ɗan kuka ta buɗe.

Dariyar ta ɗauke.

Sanyin gidan ne ya fara bugunsa, sai warin kyandir da busasshen cuku. Daga ciki, a kan 'yar kujerar da ke fuskantar ƙofa, wata tsohuwa cikin baƙar riga tana zaune da saƙa a cinyarta. Kan nan a karkace, hannun nan a kan gwiwa. Irin zaman Inna sak.

"Inna," ya ce da harshen da ya yi ta ɓoyewa.

"Wayyo ni, ashe yana ji!" in ji Salvu daga baya.

Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa. "Inna tana maƙabarta, Yaya Kelinu," ta ce. "Ka tsufa."

Tonina ce. Ya nemi fuskar yarinyar da ta bi shi da gudu har bakin ruwa, bai same ta ba.

"A kan kujerar nan ta ƙare," in ji Tonina, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Kafin ta cika ta sa na rantse ba zan zare makullin ba sai ka dawo. 'Yata tana can babban tsibirin Malta, ta yi ta roƙona in koma wurinta. In tafi in bar wa wa ƙofar? Kullum sai an kawo mini mutanen nan su girgiza shi. Na san ba kai ba ne, na sani sarai, amma duk wanda ya taɓa sai na ɗaga kai."

"Tonina, ni..."

"Kada ka ce komai. Ba ni da wurin ajiye maganarka."

Ta dafa bango ta miƙe, ta wuce shi, ta kama makullin. Sai da ta sa hannu biyu kafin ya fito. Ritienne ta sunkuyar da kai, ta fara kora mutanenta zuwa dandali, su ma suka tafi sumui-sumui. Beverley kaɗai ta tsaya, ta sauke wayarta.

Tonina ta koma ciki, ta zura makullin ta ɓangarenta, ta riƙe ƙofar. Shi kuwa yana tsaye a kan dokin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje. Tsoro yake ji, irin wanda bai ji ba ko ranar da ya hau jirgi.

"Na sauke alkawarina," ta ce. "Yau zan kwana ƙofata a kulle kamar kowa. Ka shigo ko ka fita, ni dai rufewa zan yi."

Daga dandalin coci motar ta yi oda. Ta sake yi, da ƙarfi.

Kelinu ya cire katin ƙirjinsa ya miƙa wa Beverley. "Ki ce musu kada su jira Mick."

Ya janyo ɗaya ƙafar ciki. Tonina ta tura ƙofar, duhu ya rufe su, makullin ya juya. Ya tsaya yana sauraro, don a gidan nan aka haife shi amma bai taɓa jin an kulle shi daga ciki ba.