Yatsuna Biyar Cif

Ban taɓa zaton zan yi hassadar mutum saboda yatsun da ya rasa ba. Amma na yi, kuma shekara huɗu na kwashe ina yi.

Mota ɗaya muke ciki ni da Ɗantsoho ranar da muka taka bam a arewa maso gabas. Ni ne saje, shi kuwa ko igiya ɗaya bai samu ba. Ya rasa yatsu uku a hannun hagu. Ni kuma wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar gyaɗa ba ya shige mini wuyan hannun dama. Aka ciro shi, aka ɗinke, tabon ma sai ka kawo ido kusa kafin ka gan shi. Sai dai tun daga ranar hannun ya daina jin maganata. In na riƙe kofi, sai in tsinci shi a ƙasa ban san lokacin da ya kuɓuce ba.

Da aka sallame mu, aka kira mu gaban kwamitin likitoci don a ga wanda ya cancanci kuɗin nakasa. Ɗantsoho ya shiga, ya ɗaga hannu, ko minti biyar bai yi ba ya fito. Da na shiga, sai na tarar likitan kanar ne.

Ya ce, "Saje, dunƙule hannunka."

Shekara ashirin da biyu a aikin soja ban taɓa jin babba ya ba da umarni na ce ba zan iya ba. Na cije haƙora na dunƙule, zafin ya kai mini har cikin kunne.

Ya ce, "Akwai ciwo?"

Na ce, "Babu, Yallaɓai."

Bakin ne ya amsa kafin in yi tunani. Kanar ya rubuta cewa hannu lafiya lau, aka ce in kira na bayana.

Muka dawo Daura. Ɗantsoho mutumin Dutsi ne, amma bai ga inda zai kama haya ba sai unguwarmu, gida huɗu tsakaninmu. Shi ake kira Soja. Ni da na horar da shi, Malam Nu'uman kawai nake. In ya ɗauko kaya daga kasuwa, mutum uku ke rige-rigen karɓa. In muka zauna a majalisa bayan La'asar, sai ya ɗora hannun nan a kan gwiwa inda kowa zai gani, kamar mai tallarsa. Na san ba da gangan yake yi ba, don mutum dai sai ya ajiye hannunsa a wani wuri. Sanin hakan bai taɓa rage mini haushi ba. Har a hannun da bam ya zaɓa ma ya fi ni sa'a.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abinci. Hannun ba ya iya gutsurar tuwo, balle ya kai baki. Da hagu nake ci, a ɗaki, ƙofa a rufe, matata Zaituna kaɗai ta sani. In an yi suna ko ɗaurin aure aka fito da kwanuka, sai in ce yanzu na ci, ko ina azumi. Aka fara cewa saje girman kai ne da shi, ba ya haɗa hannu da talaka. Na gwammace a ce haka.

Bana aka amince in ɗaukaka ƙara, aka ba ni wata ɗaya. Sharaɗin shi ne in kawo rubutacciyar shaidar wanda yake wurin ranar da abin ya faru, wanda kuma ya san yadda nake zaune yanzu, mai unguwa ya buga hatimi a kai. Cikin waɗanda ke motar, mutum ɗaya ne ya cika wannan sharaɗi, kuma ina jin tarinsa daga gidana.

Na yi sama da mako uku ina juya takardar ɗaukaka ƙarar.

Zaituna ta ce, "Malam, kwana shida suka rage. Ko dai ka je, ko in tafi wajen matarsa da kaina."

Na ce, "In je in roƙi yaron da na koya wa ɗaure takalmi?"

Ta ce, "To ka zauna da igiyoyinka uku, su ba ka abinci a baki."

Washegari da hantsi na sami Ɗantsoho a zaurensa. Ya miƙe tsaye, ya ce, "Oga Saje." Na faɗa masa abin da ya kawo ni ina kallon bango. Ya shiga ciki ya fito da takarda a cikin leda.

Ya ce, "Tun bara na rubuta, da na ji ana ɗaukaka ƙara. Na rasa ta inda zan ba ka."

Rubutun ya yi kyau, kuma ni na koya masa a bariki lokacin da nake iya riƙe biro. Ya faɗi ranar, ya faɗi wurin, ya faɗi yadda na jawo shi daga motar da hannun da ke zubar da jini. Sai na iso layin ƙarshe. Ya rubuta cewa Saje Nu'uman ya shekara huɗu bai ci abinci cikin mutane ba, cewa ranar sunan 'yarsa Siddiƙa na ce ina azumi, da aka aika mini da kwano gida ya biyo ni da goro, ya hango ni ta taga ina ci da hagu, ya juya.

Kunya ta rufe ni, haushi ya biyo baya. Ashe duk shekarun nan tausayina yake ji, ni ina nan ina jin zafinsa.

Na ce, "Goge wannan layin."

Ya ce, "Oga, in na goge me ya rage? Sai su sake cewa ka dunƙule, kai kuma ka dunƙule."

Na ce, "Ka san mai unguwa ba ya buga hatimi sai an karanta masa a gaban jama'a."

Ya ce, "Na sani. Tare za mu je."

Muka tarar da ƙofar gidan mai unguwa a cike, dattawa goma sha wani abu a kan tabarma, har da masu cewa ina da girman kai. Suka matsa wa Ɗantsoho wuri, kamar kullum. Bayan gaisuwa mai unguwa ya ce, "Soja, kai ka rubuta, sai ka karanta mana."

Na ga yadda duk suka juya gare shi, suna shirin jinjina masa a kan wannan ma. Za a ce Soja ya taimaki abokinsa, Soja ya rufa masa asiri shekara huɗu. Ciwon nawa ne, amma shi zai sha yabo. Raina ya ƙi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni zan karanta."

Na miƙa hannun hagu a gaban dattawan nan na karɓi takardar. Na ga idanunsu sun sauka a kan hannun, wani har ya gyara zama. Na fara daga layin ƙarshe.