Kujerar Layi na Tara

Mako bakwai ke nan fim ɗin yana gidan sinima, kuma har yanzu ba a daina musu a kansa a bakin ƙofa ba. Labarin wata tela ce da wani direban jirgin ƙasa. Suna cikin magana sai su ɓarke da waƙa, 'yan tasha su ajiye kaya su kama rawa. A ƙarshe matar ta rasu, shi kuma ya koma ɗakinsu ya yi rawar da suka saba yi tare, shi kaɗai, hannunsa a lanƙwashe kamar tana jingine a ciki. Tun da aka sanar cewa fim ɗin yana takarar kyaututtuka tara na bana, har waɗanda suka rantse ba za su kalla ba sun zo, ko don su samu abin cewa.

Tocila ya kalle shi fiye da sau sittin, duk a tsaye. Shekara goma sha huɗu yana yaga tikiti yana haska wa mutane kujera, har sunansa na yanka ya ɓace a gidan, sai sunan abin da ke hannunsa. Ya daɗe da daina kallon allo. Mutane yake kallo, kuma ya fi jin daɗinsu lokacin fita.

"Wallahi an cuce mu," in ji wata mata tana gyara mayafi. "Awa biyu ina jiran biki, sai a ba ni gawa?"

"Ke da kika jiƙa min hannun riga?" in ji mijinta.

"Mura nake yi."

"To Allah ya ba ki lafiya. Mura mai zuwa daidai waƙar ƙarshe."

Mai gugguru, wadda teburinta ke kusa da ƙofa, ta ce ita dai su ci gaba da kuka, don wanda ya yi kuka ƙishirwa yake fitowa da ita, lemonta bai taɓa ƙarewa da wuri kamar bana ba.

A mako na shida ne wata mata daga kamfanin da ya yi fim ɗin ta zo da kyamara mai gani a duhu. Ta ce alƙalan gasa sun gaji da ganin 'yan wasa suna yabon kansu, fuskar mai kallo take so, fuska ɗaya da za a sa a talla kafin ranar zaɓen gwanaye. Ta raba irin kyamarar a gidajen sinima biyar, kuma duk wanda ya kamo mata fuskar zai shiga cikin masu ɗaukar fim ɗinsu na gaba. Aka liƙa takarda a ƙofa cewa duk wanda ya shiga ya yarda a ɗauke shi. Manaja bai yi dogon tunani ba, ya miƙa wa Tocila kyamarar. Kowa ya san ya yi shekaru yana koya wa kansa ɗaukar hoto da waya da wani littafi mai yagaggen bango. Shekarunsa arba'in da uku, kuma ya san irin wannan ƙofa ba za ta sake buɗe masa ba.

Ya kafa kyamarar a gefen allo tana fuskantar kujeru, jar fitilarta kamar ƙwayar idon ɓera. Ya kamo 'yan mata suna kuka suna leƙen juna, ya kamo wani ƙato yana minshari, ya kamo saurayi yana ɗaga kai sama don kada hawaye ya sauko a gaban budurwarsa. Matar kamfani ta duba duka ta ce da sauran aiki.

Ranar Laraba da safe ita da Tocila suka zauna a ƙaramin ɗakin injin haska fim suna duba abin da aka ɗauka jiya a nunin ƙarfe biyu na rana, nunin da ba ya tara mutum ashirin. Tana wuce hotunan da sauri, sai ta ɗaga yatsa.

"Tsaya. Koma baya. Layi na tara, can ƙarshe."

Dattijo ne shi kaɗai, ya ja hula har gira. Ya shigo bayan an kashe fitilu. Da waƙar ƙarshe ta fara bai motsa ba, bai rufe fuska ba. Hawaye kawai ke sauka cikin furfurar gemunsa. Sannan hannunsa na dama ya tashi a hankali daga kan gwiwa, ya lanƙwashe a kan kujerar da ba kowa a gefensa, ya tsaya a nan har waƙar ta ƙare. Kafin a kunna fitila ya tashi ya fita.

"Wannan ce," in ji matar, muryarta ta yi ƙasa. "Wannan fuskar za ta ci mana kyauta. Ka yanke min daƙiƙa talatin, ka turo kafin azahar ɗin gobe. Ka fara haɗa kayanka, Malam Tocila."

Tocila ya matso kusa da hoton. Ya san hular. Ya san babban yatsan nan da zarto ya taɓa ci. Yayansa ne.

Yaya kafinta ne, shi ya riƙe Tocila tun rasuwar mahaifinsu, kuma a duniya ba wanda ya kai shi raina fim ɗin waƙa. Shekara biyu da suka wuce matarsa ta rasu. Tocila yana tsaye a gefensa tun daga asibiti har aka gama karɓar gaisuwa, bai ga ɗigon hawaye ɗaya a idonsa ba. Bayan mako guda ya buɗe shago ya ci gaba da goge katako. Dangi har suka riƙa cewa a ɓoye zuciyarsa ma katako ce.

Tocila ya wuni yana juya abin. Takarda tana ƙofa, ba wanda zai ce ya yi sata. Amma ya san Yaya ba ya karanta ƙananan haruffa sai da tabarau, kuma tabaransa a shago yake kwana. Hanyar gaskiya ita ce ya je ya nemi izini. To, nan ne abin ya cije masa. Kafin ya nemi izini dole ya ce na gan ka, kuma wannan kalmar ita ce raunin da yake gudu. Idan ya tura ba tare da ya tambaya ba, ya ci amana. Idan ya tambaya, ya tuɓe wa mutum riga da hannunsa. Idan ya goge ya yi shiru, zai yaga tikiti har tsufa saboda wani sirri da mai shi bai ma san an riƙe masa ba.

Da la'asar ya roƙi manaja awa ɗaya ya tafi shagon.

Ya tarar da Yaya ya kifa wani teburi yana ɗaure masa ƙafa. Garin katako ya rufe ƙasa, warin gam ya cika wurin. A kan kanta, tsakanin gwangwanayen ƙusa, ƙaramar rediyon marigayiya tana nan inda ta saba ajiye ta in ta kawo abinci. Komai na shagon ya yi ƙura, ban da ita.

"Auta," in ji Yaya ba tare da ya ɗago ba. "Yau 'yan rawa sun ba ka hutu?"

"Na zo gaishe ka ne, Yaya."

"Ranar Laraba? To riƙe min nan."

Ya riƙe ƙafar teburin. Yaya ya buga ƙusa biyu, ya sa ta uku a baki yana magana ta gefenta.

"Na ji a rediyo wai abin naku zai ci kyauta tara. Mutum yana tuƙa jirgi da rayukan jama'a, ya saki sitiyari ya kama waƙa, a ba shi kyauta. Ni da nake ƙera teburin da ba ya rawa, ko sannu ba a ce min."

"Jirgin ƙasa ba shi da sitiyari, Yaya."

"Ka ga ma abin ya fi muni."

Tocila ya yi dariya. Maganar tana bakinsa, ya shirya ta tun a hanya, kalma bayan kalma. Ya dubi wuyan Yaya da ya sunkuya, ya ga yadda rigar ta yi masa yawa a kafaɗa, ya haɗiye. Suka gama teburin suka juya shi. Ya ce zai koma, lokacin aiki ya yi.

Ya kai bakin ƙofa Yaya ya ce, "Auta."

"Na'am."

"Ka gaya wa manajanku kujerar nan ta layi na tara, ta ƙarshe, tana rawa. Ƙusa biyu sun fita ta ƙasa. Wani zai faɗi."

Tocila ya tsaya cik. Yaya ya ɗauki takardar goge katako ya fara bin saman teburin da ita, a hankali, idonsa a kan aikin.

"Na ga jar fitilar nan taku," ya ce. "Sai da zan tashi na gan ta. Kuma ka gaya min tun wancan makon abin da suka yi maka alkawari. In akwai abin da ka ɗauka da zai kai ka can, ka ba su. Ni ba na kallon talabijin."

"Yaya..."

"Tafi, za ka makara. Ka ja min ƙofar, iska tana watsa min gari."

A hanya Tocila ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Ga izini ya samu, bai ma roƙa ba. Ya koma ɗakin injin ya yanke daƙiƙa talatin ɗin, kuma ya yanke su da kyau, daga saukar hawayen farko zuwa tashin hannun. Bai taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba, ya san haka. Ya sake kallo, ya sake, a karo na huɗu sai ya lura da abin da ke damunsa. Wanda ya ba shi izini a shago yayan Auta ne, mutumin da ya taɓa sayar da kekensa don Auta ya gama makaranta, wanda in an ce ya ba da idonsa ɗaya zai tambaya na dama ko na hagu. Wannan da ke cikin kyamara kuwa mijin wata mata ne, ya zo wuri mai duhu da rana tsaka don ya zauna da ita awa biyu. Shi ba a tambaye shi ba, kuma ba yadda za a yi a tambaye shi, don da zarar Auta ya tsaya a gabansa sai ya koma Yaya.

Washegari kafin azahar ya kira matar kamfani.

"Ranki ya daɗe, na goge shi."

"Ka yi me?"

"Na goge. Yayana ne."

"To ai shi ke nan ma! Ka tambaye shi mana."

"Bai ma jira na tambaya ba. Ya yarda."

Yana jin ƙarar motoci ta wayarta. "Malam Tocila, ni ban gane ka ba. Ka san akwai mutum huɗu da ke jiran wurin nan?"

"Na sani."

"Da ka ce min kyamara ce ta lalace, da na fi jin sauƙi."

"Ba ta lalace ba. Tana nan lafiya, za a kawo miki."

Talla ta fito bayan kwana biyar da fuskar wata budurwa daga wani gidan sinima, kyakkyawa, tana kuka tana murmushi. Fim ɗin ya ci kyauta shida cikin tara. A bakin ƙofa aka sami sabon abin musu, wasu suna cewa an yi masa ƙwange, wasu suna cewa ukun ma da ya rasa ai an yi adalci, shidan ne suka yi yawa. Mai gugguru ta ce wa Tocila shi kam Allah ya shirye shi, an kawo masa tsani har ƙofa ya ce ƙasa ta fi masa daɗi. Bai yi mata musu ba. Akwai safiyar da yake tashi ya ji ita ce da gaskiya.

Ranar Talata ta ƙarshe kafin a sauke fim ɗin, ƙarfe ɗaya da rabi, Yaya ya shigo da jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Ya sayi tikiti, ya miƙa wa ƙanensa kamar bai san shi ba.

"Kun gyara kujerar?"

"Manaja ya ce sai wata mai zuwa."

"Na sani. Haska min."

Tocila ya durƙusa a layi na tara yana haska ƙarƙashin kujerar, Yaya ya kwanta a gefe ya ɗaure ta, ya girgiza ta da hannu biyu, ba ta motsa ba. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya dubi gefen allo inda jar fitilar take a da. Ba komai a wurin sai bango.

"Ban gan ka a talabijin ɗin maƙwabta ba," ya ce. "Ni ma ban gan ni ba."

"Hoton bai yi kyau ba, Yaya."

"Ƙarya ba ta yi maka kyau, Auta, tun kana yaro." Ya zauna a kujerar da ya gyara, ya tura jakar ƙarƙashin ƙafarsa. "Sai in gwada ta, in ga ko za ta ɗauki awa biyu."

Fitilu suka fara dushewa. Tocila ya juya zai koma bakin ƙofa, ya ji an kama masa gefen riga.

"Ba nan ba," in ji Yaya, ya ɗora hannu a kujerar damansa. "Nan da mai ita. Zagayo hagu."

Ya zagaya ya zauna. Shekara goma sha huɗu a gidan, yau ne ya fara jin yadda kujerun suke. Ya kashe tocilar, ya sa idonsa a kan allo, kuma har aka gama bai juya ko sau ɗaya ba.