Santimita Uku

Mijina tela ne, kuma in ka tambaye shi zai rantse maka shi ba ya shan taba, aiki yake yi da ita. Wai zaren leda in an yanka, bakinsa warwarewa yake yi sai an ɗan taɓa shi da wuta. Shi ne yake kunna sigari ya dangwala a bakin zaren, sauran kuma, don kada a yi asara, ya zuƙe abinsa. Bakin zare nawa ake ƙonawa a shagon ɗinki a rana? Ni dai tuni na gaji da ƙirgawa.

Shagon namu ɗaki ɗaya ne mai taga ɗaya, tagar ma ya toshe ta da rigunan mutane. Keken ɗinkina na manne da teburin yankansa tun safe har yamma. Da na samu ciki na yi ƙorafi, ya ce ai hayaƙi sama yake yi, ni kuwa a zaune nake.

Ina wata bakwai ya raka ni awo, shi ma sai da na yi da gaske. Nas ɗin, wata gajeriya mai gilashi, ta ɗora tef ɗin awo a cikina, ta sake ɗorawa. Can ta shinshina mayafina ta tambaye ni ko ina shan taba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ni da ko ashana da ƙyar nake ƙyastawa. Na nuna mata mai laifin da baki.

Gogan ya gyara zama ya shiga yi mata bayanin bakin zare. Ta bari ya gama tsaf, sannan ta ce ɗan da ke ciki bai san wannan bayani ba. Abin da uwa ta shaƙa shi yake samu, hayaƙin kuma na iya tauye masa girma, ko ya sa a haife shi bakwaini. Mijina ya yi murmushin wanda ya saba shan faɗa.

"Malam, awon cikin nan ya gaza da santimita uku," in ji ta.

Nan take murmushin ya ɗauke. Ya ce tef ɗinta ne ya saki, ya zaro nasa daga wuya, wanda ko cin abinci ba ya sa shi cirewa. Ta nuna masa inda zai fara da inda zai tsaya. Ya auna sau biyu, ya dafe lambar da farce yadda yake yi wa kafaɗar riga. Da na ga nasa tef ɗin ma ya nuna giɓin ukun nan, ni ma sai tsoro ya kama ni.

Ya daɗe yana kallon tef ɗin.

"Malama, da riga ce na san inda zan farke in ƙara. Wannan fa?"

"Ba a farke wannan," ta ce, tana rubutu a katina. "Ka daina rage masa kawai. Ku dawo nan da mako biyu, ka zo da tef ɗinka."