Buɗe Fuskar Maryamu

Don Eliecer ya ɗora bakin ƙarfen sassaƙa a kan layin da ya ja da fensir a gaban kunnen mutum-mutumin, ya ɗaga guduma, sai ya sauke ta. Karo na uku ke nan.

Wata huɗu ya yi yana sassaƙa wannan Maryamu don cocin wani ƙauye da ke bayan garin Ibarra, kuma ranar Juma'ar Ista za a zaga gari da ita. Saura idanu. Yadda masassaƙan birnin Quito na dā suka bar wa na baya, ba a manna idon gilashi ta waje. Sai an ɓalle fuskar da bugu ɗaya, a rarake ta ta ciki, a sa idanun, a mayar da ita. In hannu ya goce, katakon ya tsage ta kan hanci, shi ke nan. Hannunsa na dama kuwa tun Kirsimeti yake rawa, bai gaya wa kowa ba.

'Yarsa Nubia, wadda ke yi masa fenti, tana gefe tana dama launi.

"Baba, ko za ka ci abinci tukuna?"

"Ba a buɗe fuska da cikakken ciki, kin sani. Sai da azumi, sai an je wurin Fada a coci an tuba."

"Ni ma ban ci komai ba yau," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Wurin Fada kuma na riga ka zuwa."

Ya daɗe yana kallonta. Ashe ta san halin da hannunsa yake ciki.

"Mace ba ta taɓa buɗe fuska a shagon nan ba."

"Ai ita ma mace ce, Baba. Ba za ta ji kunyata ba."

"Ba abin wasa ba ne, Nubia. In a hannuna ta lalace, za a ce tsufa ne. In a naki ne, ba mai sake ba ki aiki a garin nan."

"To ka buga. Ina kallo."

Ya dubi hannunsa. Ya ajiye ƙarfen da gudumar a kan teburi, ya yi alamar gicciye, ya fita bakin titi.

Doña Targelia mai sayar da soyayyar masara ta hango shi daga tsallake.

"Don Eliecer, an koro ka ne? Ko waliyyan da kake sassaƙawa sun gaji da ganin fuskarka?"

Ya fara addu'a a hankali. Bai kai rabi ba ya ji bugun daga cikin shagon, guda ɗaya. Daga nan shiru. Wata bas ta wuce, ta biyu ma ta wuce, bai waiwaya ba.

"Baba!"

Nubia ce ke kira daga ciki.

"Baba, idanun suna aljihun rigarka. Kawo su, na ɗora gam a wuta."

Ya sa hannun hagu ya ciro su.