Awa Ɗaya a Babban Titi

Daga ƙofar gida zuwa shagon ɗinkin Auta tafiyar minti huɗu ce a mota, in mai lemo bai tare kwana da kurarsa ba. Sau shida take yin wannan tafiya kowace rana. Ta fita da safe, ta dawo da hantsi ta ba mahaifinta magani, ta koma, ta sake dawowa da rana ta ba shi abinci ta gyara masa kwanciya, ta koma, sannan da yamma ta rufe shago ta dawo gaba ɗaya. Mutanen layin har agogo suka mayar da ita. Duk wanda ka tambaya zai ce maka ba a yi 'ya mai kula da uba kamarta ba, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Uban nata, wanda kowa ke kira Baba Direba, shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan babbar mota, irin wadda in ta fita sai ta yi mako biyu ba a ga ƙeyarta ba. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata 'yar ƙaramar mota ruwan toka, ya raɗa mata suna Kurciya, yana lallaɓa ta kamar ƙwai. Shekara biyu da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a tsakar gida, ya tafi da hannunsa da ƙafarsa na hagu. Yayyen Auta biyu suna can nesa da iyalansu, jinyarsu ta waya ce, kuma ka san mai jinya ta waya ba ya rasa shawara. Ita ce ta tattaro ta dawo ɗakin marigayiya mahaifiyarsu, ta karɓi makullin Kurciya.

Gadonsa yana jikin taga, tagar kuma tana kallon inda ake ajiye motar. Ciwo ya karɓe abin da ya karɓa, amma bai taɓa masa kunne ba.

"Auta," ya ce da ita wata rana tana goge masa baki, "kina kashe mini Kurciya."

Ta yi dariya. "Haba Baba, motar da ko bakin gari ba ta gani? Nan da shago ne fa. Ai hutawa take yi."

"Hutun ne ciwon nata." Bakinsa ya ɗan karkace tun bayan ciwon, sai ya bi magana a hankali. "Inji sai ya yi gumi yake lafiya. In kin tayar da shi da sanyi, raɓa takan taru a cikinsa, fetur kuma ya riƙa zurarewa cikin baƙin mai. In ya yi tafiya ya ɗauki zafi, sai ya ƙone su ya fitar. To ke, kafin ya gama miƙa kin kashe. Kin taɓa ganin allurar zafi ta hau tsakiya?"

"Ni ina na san da wata allura in ba ta keken ɗinki ba?"

"Ki fita da ita babban titi, ko da sau ɗaya a mako. Awa ɗaya. Ki bar ta ta yi gudu, za ki ji muryarta ta sauya." Ya ɗaga ido ya kalli silin. "In kina tsoron ɓata, sai in raka ki."

Nan Auta ta ce a ranta, yauwa, ga inda aka dosa. Tsoho yana son yawo, ya fake da inji. Ta yi murmushi ta kwashe kwanuka. Amma ba ta manta ranar da ya faɗi ba, ta zo gaishe shi ke nan. Minti bakwai ta yi ta kai shi asibiti, likita ya ce da an ƙara jinkiri da wani labarin ake yi. Tun ranar ta zana wa kanta iyaka: Baba ba zai yi nesa da asibitin nan ba, Kurciya kuma ba za ta yi nesa da Baba ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Shi kuwa bai haƙura ba. Direba ne, ya saba da doguwar hanya. Yau ya ce ya ji salansa tana tari, ruwa ya kwanta a cikinta yana cin ƙarfe. Gobe ya ce batir yana ja da kyar, don abin da take zuƙa wajen tayarwa ya fi abin da minti huɗu ke mayarwa. Rannan da ya dame ta, sai ya sa ta buɗe bonet ta kwanto masa murfin baƙin mai. Ta kawo masa har gado a kan tsohon ƙyalle. A ƙasan murfin akwai wani abu fari-fari mai yauƙi, kamar madarar da ta tsinke. Ya lakata da yatsan hannunsa mai lafiya, ya shinshina, ya miƙa mata.

"Kin gani? Ruwa ne da mai. Shinshina ki ji, har da warin fetur."

"To shi ke nan, Baba. Zan kira Kawu Dogo ya fita da ita ya zaga."

Kawu Dogo bakanike ne a bayan tasha. Shi ne yaron motar Baba a da can, yanzu shi ma furfura ta cika masa gemu. Auta ta faɗi haka ne tana kallon idon mahaifinta, don ta kama shi. Ta kuwa kama shi. Fuskarsa ta faɗi, ya juya kai wajen bango.

Sai can ya ce, "To, na yarda. Ni ma ina so. Shekara biyu ke nan ban ga abin da ya wuce katangar maƙwabta ba. Na haddace tsagar da ke jikin silin nan, Auta. Ba na ce ki kai ni wani gari ba. Mu fita, in ga kwalta tana shigewa ƙarƙashin mota, mu juyo. Amma maganar inji ba ƙarya na yi miki ba."

Tausayi ya kama ta har ta kasa haɗa ido da shi. Ta ce za su je, da zarar ta gama ɗinkin kayan makarantar da aka ba ta. Kuma har ga Allah da gaske take. Sai dai tsoro wayo gare shi, ba ya zuwa da sunansa. Aka gama kayan makaranta, sai ta ce a bari ruwan sama ya ɗauke. Ruwa ya ɗauke, sai ya yi ɗan tari, ta ce sai ya warware. Ta gaya wa babban yayansu a waya, ya ce, "Kul! Kar ki soma. In wani abu ya faru a hanya ke za a tuhuma." Faɗar haka ba wuya ga mutumin da rabonsa da ɗakin nan tun bara. Ko Kawu Dogon ma ba ta kira ba, don ba ta yarda motar ta bar ƙofar gida na awa guda ba.

Baba ya daina tambaya. Wannan ne ya fi damun ta. Da yana mita, tana da abin yi wa dariya. Yanzu in ta shigo da hantsi sai ta tarar ya zuba wa taga ido, ya karɓi magani ya haɗiye, ya ce Allah ya yi albarka. Abinci ma ya rage. Wata Alhamis tana yanke masa farce sai ta ga yadda zoben azurfarsa ke yawo a yatsa.

"Baba, jibi Asabar ba zan buɗe shago ba. Za mu fita."

Ya dube ta ya daɗe. "Kar ki yi mini wasa, Auta."

"Wallahi da gaske nake."

Ranar Asabar tun da sassafe ya farka. Ya sa ta ciro masa tsohuwar hularsa ta aiki da baƙin tabarau daga ƙasan akwati. Ya yi ta ba da umarni kamar za a yi tafiyar mako: ta duba iskar taya, ta duba ruwan lagireto, ta goge gilashi da jarida, ba da tsumma ba. Ta tura kujerar gaba baya sosai don ƙafarsa, ta sa matashin kai. Maƙwabta biyu suka taya ta ɗago shi daga keken marasa lafiya suka zaunar da shi. Ɗayansu ya ce, "Yau Direba zai hau hanya, kowa ya kauce!" Baba ya yi dariya da rabin bakinsa, dariyar da Auta ta manta yadda take.

Ta ɗaura masa bel, ta zagaya ta shiga, ta murza makulli.

Injin ya ja a kasale, ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Ta sake murzawa. Ya ƙara ja, ya fi na farko rauni. A na uku ba abin da ya fito sai ƙas, ƙas, ƙas.

"Bari," in ji Baba. Idonsa a rufe yake. "Kar ki ƙara. Batir ya tafi."

Maƙwabta suka ce a tura. Suka tura har ƙarshen layi, suka juyo da ita, gumi na zuba. Kurciya ta yi fat-fat, ta fesa baƙin hayaƙi, ta mutu. Baba ya ce su haƙura, fulogi ma sun sha baƙi, ba za ta kama ba. Bai ce ai na faɗa miki ba. Da ya faɗa da ta fi samun sauƙi.

Kawu Dogo ya zo da rana, ya durƙusa ya gaida maigidansa, ya leƙa ciki da ƙasa. Ya ce sai an ja ta zuwa gareji: a zubar da mai a wanke inji, a sa batir da fulogi, salansa kuma ta huje, sai an nemo wata. Laraba in Allah ya yarda.

"Laraba ba nisa, Baba," in ji Auta.

"Ba nisa," ya ce. "Ku bar ni a ciki kaɗan kafin a ja ta."

Suka bar shi. Ta tsaya daga bakin ƙofa tana hango shi, da hula da tabarau, a cikin motar da ba ta motsi, yana kallon gaba ta gilashin da ta goge da jarida. Gaban nasa kuwa katangar maƙwabta ce.

Ranar Talata da hantsi ta taho daga shago a ƙafa don ba shi magani. Ta tarar da shi yadda ta bar shi, fuskarsa wajen taga, hular a gefen matashi, sai dai rai ya yi halinsa. Likita ya ce ko a gadon asibiti yake ba abin da za a iya. Wannan magana ya faɗe ta don ya sanyaya mata rai, bai san wuƙa ya caka mata ba. Ashe duk gadin da ta yi shekara biyu, abin da take tsoro a cikin ɗaki ya same shi.

Bayan mako guda, da masu gaisuwa suka janye, yayyenta suka koma inda suka fito, Kawu Dogo ya kawo motar. Ya miƙa mata makulli da hannu biyu.

"An gyara komai, Auta. Amma in kin koma mata yadda kika saba, ciwon zai dawo. Ba laifinki ba ne, yawancin mutane haka suke yi, gani suke tattali ne. Ki riƙa fita da ita babban titi ko sau ɗaya a mako."

"Awa ɗaya," ta ce.

Ya ɗago kai. "Ya gaya miki ke nan."

"Ya gaya mini, Kawu."

Da ya tafi ta daɗe tsaye da makullin a hannu. Sannan ta shiga. Ba wanda ya taɓa kujerar gefe, tana nan a ture baya, matashin kai a jingine. Murza ɗaya injin ya tashi. Ta wuce mai lemo, ta wuce shagonta a rufe, ta wuce kwanar asibiti ba ta waiwaya ba. Ta hau babban titi, manyan motoci na wuce ta suna girgiza Kurciya.

Sai ta tuna, ta duba. Ga allurar nan a gefen agogon gudu, 'yar ƙarama, shekara biyu tana gabanta ba ta taɓa lura da ita ba. Ta baro ƙasa tana hawa a hankali. Gidaje suka ƙare, fili ya buɗe, allura ta zo tsakiya ta tsaya cak. Kuma kamar yadda ya faɗa, muryar injin ta sauya. Karkarwar nan da Auta ta ɗauka halin motar ne ta ɓace, sauti ya kwanta ya yi laushi, kwalta tana shigewa ƙarƙashinsu.

"Baba, ka ji ta?" ta ce, har ta juya wajen kujerar.

Kuka ya zo mata irin wanda bai zo ba ko ranar rasuwar. Ba ta tsaya ba. Ta yi ta tuƙi tana share ido da bakin mayafi, har agogo ya nuna rabin awa, ta sami wuri ta juyo.

Da ta tsaya a ƙofar gida, daidai ƙarƙashin tagarsa, ta kashe mota ta duba agogo. Awa ɗaya cif. Rana ko gusawa ba ta yi ba sosai, shanyar maƙwabta ma ba ta bushe ba. Iyakar abin da ya roƙa ke nan, daidai lokacin da takan ɗauka ta ɗinka rigar makaranta guda ɗaya.