Gahawar Shemsa a Saman Hasumiya

A ƙauyenmu mace ba ta ce wa namiji "na yarda" da bakinta, ba ta kuma ce masa "ban yarda ba". Zuwa yake ya zauna, a yi hirar ruwan sama da ta ciyawar shanu, ita kuma ta tashi ta dafa gahawa. In ya kurɓa ya ji zaƙi, sai ya koma gida ya fara shafen ɗaki. In ya ji ɗaci, ya daure ya shanye tas, ya yi godiya, ya ɗauki hularsa. Ba wanda ya ji kunya, tunda ba wanda ya ce komai. Amma fa ba a dawowa a sake tambaya.

Shemsa ta san wannan tun tana yarinya, sau ɗaya kuma ta taɓa zuba wa wani sukari, ga shi can a maƙabarta ya daɗe. Maƙwabcinta Ragib, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ma ya binne tasa matar. Tun daga nan shingen da ke tsakaninsu ya kamu da wata irin cuta, kullum sai ya lalace, kullum sai Ragib ya zo gyara. Ya kawo zuma, ya kawo tuffa, ya tsaya yana jujjuya hula a hannu yana ba ta labarin hayaƙin murhunsa. Bai taɓa shiga ya zauna ba. Ita kuwa sukarinta na nan a gwangwani har ya fara dunƙulewa.

Sai 'yarsa Belkisa ta zo daga birnin Graz na ƙasar waje da bazara, da motarta da gilashinta. Ta duba uban, ta duba tukwanensa, ta ce in kaka ta yi za ta tafi da shi, ta riga ta gyara masa ɗaki a can. Amma Belkisa ba makauniya ba ce, ta ga shingen.

"Babo, ko ka yi magana ko ka haɗa kaya," in ji ta. "Ni ba zan bar ka kana cin burodi da albasa kana kallon tagar mutane ba."

Ita ce ta kwashe su biyun zuwa wannan wurin wasannin da aka gina a bakin babbar hanya, mai masauki da tafki da gidan sarauta na ƙarya. Ta ce ta kama musu tebur a saman hasumiya.

Shemsa ta sa kallabinta mai ruwan toka na zuwa biki. Da akwatin ƙarfen nan mai hawa bene da mutane ya ɗaga su sama, cikinta ya tsaya a ƙasa, sai daga baya ya biyo ta. Ƙofa ta buɗe a wani ɗaki zagayayye, bango duk gilashi, fitilu na lilo daga sama kamar inabi. Rana na shirin faɗuwa, ta zuba ja a kan farantai da fuskokin mutane. Wata mata na kaɗa wani abu mai tsirkiyoyi a tsakiya, a hankali, kamar mai tsefe gashi.

Wani dattijo mai furfura ya tarbe su, an sa masa riga mai zinariya a kafaɗa da farar safar hannu. Shi ne mai kawo musu abinci. Ya ja wa Shemsa kujera, ta riƙe ta gam don ta ɗauka ɗauke ta zai yi.

Sun ɗan zauna sai ta ga dutsen da ke gabanta ya matsa.

"Belkisa, 'yar nan, dutsen can tafiya yake ko jinina ne ya hau?"

"Ɗakin ne ke juyawa, Teta Shemsa. Don ki ga ko'ina."

"To me na yi wa ko'ina da zan gan shi?"

Amma ta kalla. Ƙasa can, wani jirgi na hawa sama da mutane yana kifewa da su, ihunsu bai iso ba, bakunansu kawai ake gani a buɗe. Wani ƙaton lilo mai kama da ƙafar keke na juyi cikin jan sama. Kwale-kwale masu siffar agwagi na yawo a tafki. Komai na tafiya ba inda za shi. Shemsa ta ji jikinta ya yi sakayau, kamar ranar da zazzaɓi ya sake ta.

Aka kawo faranti mai faɗin murfin rijiya, da wani ɗan abu a tsakiya da fure a kansa.

"Wannan na ɗanɗana gishiri ne?" ta tambayi dattijon.

"Kifi ne, hanuma," in ji shi, yadda ake kiran mace da girmamawa.

"Allah sarki. Da kun bar shi ya girma."

Bayansa aka kawo nama a ƙarƙashin ƙoƙon gilashi cike da hayaƙi. Dattijon ya ɗaga, hayaƙin ya malala a kan tebur ya bi yatsunsu, ya bar wata 'yar tsoka da ba ta kai babban yatsa ba. Ragib ya ce shi a gidansa hayaƙi kyauta ne, ba wanda ya taɓa tafa masa. Shemsa ta yi dariya ta rufe baki da gefen kallabi. Abin haushi, naman ya yi daɗi. Narkewa ya yi kafin haƙoranta na asibiti su same shi.

Ana kawo wani abu mai sanyi mai ƙamshin fure, sai wayar Belkisa ta yi ƙara, ko kuma ba ta yi ba, ita dai ta kara a kunne ta miƙe.

"Daga wurin aiki ne, zan daɗe. Babo, ka ji ko? Zan da-ɗe."

Suka rage su biyu. Ragib ya gyara cokali, ya mayar da shi inda yake.

"Shemsa-hanuma."

"Na'am, Ragib-aga."

"Gidan nan nawa ya yi mini yawa."

"Haka gidaje suke."

"An ce a Graz ba a kiwon ƙudan zuma a bene."

"Ina fa za a yi."

Hasumiyar ta juyo da su wajen tafki. Sannan Ragib ya ɗaga hannu ya kira dattijon, muryarsa na rawa kamar ta mai kiran salla ranar farko.

"A kawo gahawa. Ka ajiye tiren a gaban hanuma. Ita za ta miƙo mini."

Kunnuwan Shemsa suka yi zafi. Ashe tsohon nan da wayonsa. Bai iya tsallake shinge ba, sai da aka hau da shi sama.

Tire ya iso. Finjali biyu farare, ƙanana kamar ƙwan tantabara, da kumfa mai ruwan zinariya a sama. Ta duba dama, ta duba hagu, ba sukari. Ba dunƙule, ba gari. Ta yi tunani: gidan da suke yanka maka nama su sa maka fure, su ja maka kujera, ai ba za su bar ka da wahalar zuba sukari ba. Sun sa a ciki. Ga kumfa ma kamar ta zuma. Ta ɗauki finjali da hannu biyu, ta sunkuyar da kai kamar yadda ta yi tana budurwa, ta miƙa.

Ragib ya karɓa. Ya kurɓa.

Ba ta ɗago ba, don ba a ɗagowa. Ta ji ƙarar finjali a kan ɗan farantinsa, ta ji ya sake ɗauka ya shanye. Ta ji kujera ta ja baya.

"Na gode, Shemsa-hanuma. Allah ya saka da alheri. Hannunki ya yi albarka."

Da ta ɗago, bayansa ta gani, da hula a hannu, yana tafiya a miƙe kamar mai raka gawa. Ta ce a ranta kunya ce, ya je ya sha iska. Ta ɗauki nata finjalin tana murmushi, ta kai baki.

Maɗaci. Ɗaci har cikin kunne.

Ta zauna da abin a bakinta, ta kasa haɗiyewa. Fitilun ƙasa suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya, shuɗi da kore, matar nan na ta tsefe tsirkiyoyinta. Shemsa ta ga kaka ta zo, ta ga motar Belkisa a ƙofar gida, ta ga shinge tsaye lafiya lau ba mai taɓa shi.

"Kai, mai zinariya! Zo nan. Ina sukari?"

Dattijon ya rusuna. "Wannan gahawar ba a sa mata sukari, hanuma. Daga nesa aka kawo ta. Mai dafawa ba ya so a ɓata..."

"Mai dafawan yana da mata?"

"Na'am?"

"In yana da ita, ba a gidan nan ya same ta ba. Kawo sukari."

"Sai na sauka ƙasa na tambayo, hanuma, in za ki ɗan jira..."

Jira ne dai ba ta da shi. Ta kife ɗan farantin a bakin finjalinta don kada zafi ya fita, ta miƙe ta nufi ƙofa. Ƙofar ba ta nan. Inda ta bar ta, yanzu bango ne da hoton wani sarki a kan doki. Ta bi ɗakin tana zagayawa, ɗakin na zagayawa da ita, tana wuce mutane masu cin furanni, dattijon na biye yana "hanuma, finjalin, finjalin", har ta ga akwatin ƙarfen ya buɗe baki. Ta faɗa ciki. Wannan karon cikinta ne ya tsaya a sama.

A ƙasa duniya ta canja. Iska na ƙamshin man gyaɗa da soyayyen ƙullu. Wata na'ura na hura kumfar sabulu, ƙwallaye masu sheƙi na yawo suna fashewa a kallabinta. 'Yan mata masu fukafukai suka wuce a kan dogayen sanduna, kawunansu can wajen fitilu. Shemsa ta ratsa tsakanin ƙafafunsu, hannu ɗaya a ƙarƙashin finjali, ɗaya a sama, tana taku kamar mai ɗauke da jariri. Ba ta kiran sunansa. Mace mai shekarunta ba ta kiran namiji a kasuwa.

Wani zomo mai tsayin ƙofa ya tare ta ya buɗe hannuwa zai rungume ta.

"Kauce, ɗan nan, ni sa'ar kakarka ce. Ka ga wani tsoho ya wuce, dogo, fuska kamar an ƙwace masa saniya?"

Zomon ya yi tunani, ya karkata kunne ɗaya, sannan ya nuna hanya da ƙaton hannunsa.

Ai da ta sani ma. Akwai wani ɗan jirgin ƙasa na wasa da ke zagaya tafkin, da 'yar tasharsa mai jan rufi. Ragib na zaune a benci a can, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa don bencin na yara ne, yana kallon dogo. Mutum in ransa ya ɓaci inda ya saba yake zuwa.

Ta tsaya daga baya. Sai a lokacin ta tuna har yanzu ba ta da sukari. Ta kawo masa ɗaci ne karo na biyu, da ƙafarta.

A gefen tashar wata mata na juya sanda a cikin wani kwano, tana naɗo alawar nan mai kama da auduga, ruwan hoda, girman kan mutum. Shemsa ta matsa.

"'Yar uwa, wannan abin da me ake yin sa?"

"Sukari ne zalla, inna."

"Rantse."

"Wallahi."

Shemsa ta sa yatsu ta yago. Matar ta buɗe baki, ta kalli finjalin, ta kalli tsohon da ke benci, ta rufe bakinta. Da alama ta wajenmu ce. Audugar na taɓa gahawa ta ɓace, kamar ba a taɓa yin ta ba. Shemsa ba ta yarda da abin da ke ɓacewa haka ba, ta ƙara yagowa. Ta ƙara. Sai da ta zuba rabin kan a finjalin, tana juyawa da ɗan yatsa.

Ta zagayo gabansa. Ya ɗago ya yunƙura zai tashi, bencin ya riƙe shi.

"Shemsa-hanuma, ai na sha. Na kuma gode. Ba sai kin..."

"Wadda ka sha ta mai dafawa ce. In shi kake nema, yana sama, na ji ma ba shi da sauƙin hali."

Ta miƙa da hannu biyu. Wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba, ta gaji da abin da ke faruwa in ta sunkuya. Ragib ya kalli finjalin, ya ga alamar bakinta a gefe. Ya juya shi ya sha ta wajen.

Ya runtse ido. Ya daɗe a haka.

"Ta huce," in ji shi.

"Kai ma ka huce, ka ji na yi ƙorafi?"

"Zaƙin ya yi yawa, hanuma. Likita ya hana ni."

"Shanye."

Ya shanye har da guntun ƙasa. Jirgin ya iso yana busa kamar ɗan tsako, yara suka zubo daga ciki. Ragib ya dubi ƙafafun jirgin da idon sana'a, ya ce ba a sa musu mai yadda ya kamata.

"To tashi mu je ka gaya wa direban," in ji Shemsa.

Suka matsu a tarago ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa don ba wurin da za a matsa. Jirgin ya ja. Can sama hasumiya na juyi da fitilunta, wataƙila Belkisa ta koma ta tarar da kujeru biyu ba kowa.

"Wa zai gaya mata?" in ji Ragib.

"'Yarka ce."

"Ta sayi labule fa. Na ɗakin Graz."

"Ta kawo. Tagar madafina na buƙata."

Jirgin ya shiga wani kogon ƙarya mai taurari a rufi, yaran da ke gaba suka sa ihu, Shemsa ta riƙe hannun rigarsa.